Shekara 23 a hannun Turawa: Sarki Alu, mabiyansa da zuri'ar da Kano ta bari a Lakwaja

A unguwar Kabawa da ke cikin garin Lakwaja, babban birnin Jihar Kogi, akwai kaburburan sarakunan Arewa da Turawan mulkin mallaka suka tuɓe wa rawani, suka kai su can ɗaurin talala har ajali ya riske su. Ɗaya daga ciki shi ne na Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda Kanawa suka fi sani da Alu Maisango. Shekara tara ya yi a kan gadon Dabo, daga 1894 zuwa 1903. Shekara 23 ya yi a hannun Turawa, ya rasu a 1926 bai sake ɗora ido a kan badalar Kano ba.

Duk wanda ya yi darasin tarihi a sakandare a Kano ya taɓa jin wannan. Sai dai sarki ba ya tafiya shi kaɗai, ko da a tsare za a tafi da shi. Akwai mata, akwai yara ƙanana, akwai bayi da barori, akwai mai jan salla da mai dafa abinci. Irin waɗannan mutane sun zauna a bakin Kogin Kwara, sun yi aure, sun hayayyafa, har jikokinsu suka tashi ba su san wani gida ba sai Lakwaja. Turawa sun kula da sunan sarki da inda aka ajiye shi da abin da ake kashewa a kansa. Wanda ya ɗauko masa buta da buzu kuwa, ba shi ne abin damuwar mai rubuta rahoto ba.

Ga mutanen Rano da Kibiya da sauran garuruwan kudancin Kano, wannan labari na gida ne. Shekarar 1903 ta bi ta ƙofarsu har sau biyu. Da farko rundunar Turawa ta ratsa ta nufi birni, bayan kamar wata biyu kuma ayarin masu hijira ya ratsa ya yi gabas. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a wannan yanki ka tarar ana jera salsalar gida tiryan-tiryan, sai an zo kan wani kaka a ce ya tafi zamanin zuwan Nasara, daga nan zance ya yanke.

Kudu ta saba da kwasar mutane

Rano tsohuwar daula ce, tana cikin Hausa Bakwai. Ita da Kano ake yi wa laƙabi da sarakunan baba saboda sana'ar rini, sarkinta kuma Autan Bawo ake kiransa. Amma a ƙarni na 19 zamanta a kudu ya mayar da ita garkuwar Kano. Tun daga lokacin da Malam Hamza ya bar Tsakuwa a wajajen 1846 a kan rigimar haraji, ya shige duwatsun Ningi, magadansa irin su Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya suka yi ta kawo hari garuruwan kudu, suna kwasar mutane da dabbobi. Sarakunan Kano su ma suna ramawa, suna kamo na can suna zubawa a rinji, suna kuma ƙarfafa garuruwan ribaɗi da mayaƙa da iyalansu. Wato tun kafin Bature ya iso, mutumin wannan yanki ya san yadda ake tumɓuke mutum daga garinsu a dasa shi a wani wuri, ya kuma san cewa bayan haihuwa biyu ko uku dashen yakan kama.

Sannan ga Yaƙin Basasa. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ce ba su yarda ba, suka fice daga birni a ƙarƙashin Yusufu, suka yi sansani a Takai. Yusufu bai ga ƙarshen yaƙin ba, a Garko ya rasu, wadda ke maƙwabtaka da Kibiya, tuta ta koma hannun ƙanensa Aliyu. Mahaifiyar Aliyu, Saudatu, 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakansa ke nan ya ci, kuma wannan jini na Sakkwato ya ƙara masa nauyi a idon 'yan'uwansa. Ya shiga Kano da yaƙi a 1894, Tukur kuma ya gamu da ajalinsa a 1895 bayan arangamar Tafashiya. Tukurawa da yawa sun watse, wasu an ƙwace musu gidaje da gonaki, wasu an kama su. Wannan ita ce warwatsuwar farko a zamanin Alu, kuma hannun Kanawa ne ya yi ta.

Mulkinsa bai samu hutu ba. Ga Ningawa ta kudu, ga Damagaram ta arewa a ƙarƙashin Ahmadu Kuran Daga. Laƙabin Maisango ma daga fagen fama ya samo shi, domin sango makami ne da maharban giwa ke harbawa da bindiga.

Ta Bebeji aka shigo

A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, wakilin Turawa a Keffi, ya gudo Kano. Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Gwamna Lugga, wanda dama yake neman dalili, ya samu. Ranar 29 ga Janairun 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, da hafsoshin Turawa 'yan kaɗan, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Abin takaici, da yawa daga cikin sojojin nan da Hausa suke magana, da Hausa kuma ake ba su umarni.

Garin da ya fara tsaya musu shi ne Bebeji, maƙwabciyar Rano. An rufe ƙofa, Turawa suka fasa ta da igwa, sarkin garin na cikin waɗanda suka kwanta dama. Labarin abin da igwa ta yi a Bebeji ya riga rundunar isa ƙauyukan da ke gaba, mutane suka yi ta barin gari suna shiga daji. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi. Sarkin Shanu Muhammadu, bawan sarki da aka bar wa tsaron birni, a gidan sarki ya yi shahada.

Alu ba ya gari a lokacin. Tun farkon watan Janairu ya tafi Sakkwato da dawaki kimanin 2,000 don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. A hanyar dawowa, cikin ƙasar Zamfara, labari ya same shi. Manyan Kano suka rabu: masu cewa a yi yaƙi, masu cewa a yi sulhu, masu cewa a yi hijira. Cikin dare Alu ya bar rundunar ya yi arewa da mutane ƙalilan, an ce ya ɓad da kama kamar falken gishiri. Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi yaƙi, ya rasu a Kwatarkwashi, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Wambai Abbas ya komo da ragowar jama'a ta Ƙofar Kansakali, Turawa suka naɗa shi sarki a watan Afrilu.

Har yau ana gardama a kan daren nan. Wasu na ganin gudu ne, wasu na ganin niyyar hijira ce zuwa gabas, irin wadda malaman lokacin suke ta yin fatawa a kanta. A ganina mutumin da ya ci Kano da takobi yana da ƙuruciya, ya kuma yi shekara tara yana fita yaƙi da kansa, ba a yi masa saurin hukunci da ragwanci. Ko ma mene ne, bai yi nisa ba. A ƙasar Gobir aka kama shi aka miƙa wa Turawa. Suka fara kai shi Yola, daga baya suka mayar da shi Lakwaja.

Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira, ya ratsa tsakanin Kano da Zariya ya yi gabas, talakawa da malamai da masu sarauta suna barin gona da gida suna bin sa. Ƙarshen tafiyar a Burmi aka yi shi ranar 27 ga Yuli, inda Attahiru ya yi shahada da ɗaruruwan mutane. Waɗanda suka tsira suka ci gaba har Sudan, inda ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Don haka kakan da ya ɓace daga kudancin Kano a wannan shekara hanyoyi da dama ne a gabansa: ko Kwatarkwashi, ko Burmi, ko Sudan, ko aikin soja a wajen Bature, ko kuma bakin Kwara.

Garin da kowa baƙo ne

Lakwaja tana inda Kwara da Binuwai suka haɗu, a gindin Dutsen Patti, fiye da kilomita 600 daga Kano a hanyar mota ta yau. A wajajen 1860 wani likita Bature, Dokta William Baikie, ya kafa zango a wurin, ya tara bayin da aka fansa da 'yan kasuwa. Ya iya Hausa, har ya zo Kano da kansa a 1862. Daga baya Kamfanin Royal Niger ya mayar da garin sansaninsa, kuma a nan ne ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga ya sauke tutar kamfani ya ɗaga ta Ingila, ya ayyana Arewa a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Akwai barikin soja, akwai gidan yari na gwamnati, akwai jirgin ruwa da ke zuwa har teku.

Wurin ya yi wa Turawa daidai. Sarkin da aka ajiye a nan ba shi da talakawan da za su taru a ƙofarsa, ba shi da dawaki, kuma duk wanda ya zo gaishe shi idon hukuma na kansa. Ga zafi mai ɗanɗano da sauro, wanda mutumin da ya saba da hunturun Kano ba ya jin daɗinsa. Haka aka yi ta tara su. Sarkin Zazzau Kwasau a can ya rasu a 1907. Wanda Turawa suka naɗa a madadinsa, Aliyu Ɗan Sidi, shahararren marubucin waƙoƙin nan, shi ma da suka ɓata da shi a 1920 can suka kai shi, ya rasu a 1924. Etsu Nupe Abubakar na Bida ya je, Sarkin Katsina Yero da aka cire a 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko ya je, haka na Gwandu da na Gumel. Akwai shekarun da ƙaramin garin nan ya fi kowane birni a Arewa yawan sarakunan yanka, duk ba mai ikon ɗaure ko akuya.

Ba a Arewa kaɗai ake wannan ba. Ingila ta kai Oba Ovonramwen na Benin Kalaba a 1897, ta kai Prempeh na Ashanti tsibirin Sishel. Faransa ta kai Samori Ture Gabon, a 1906 kuma ta cire Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa ta tura shi Kwaddibuwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne lissafin da ƙananan mutanen gidan sarki suka yi bayan shekaru sun tura. Tun 1897 Kamfanin Royal Niger ya soke matsayin bauta a doka a yankunan da ke hannunsa, dokar Lugga ta 1901 kuma ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne. A Kano da ƙauyukanta wannan doka a hankali ta yi aiki, don sai 1936 aka rufe babin bauta gaba ɗaya a Arewa, kuma ko bayan haka bakin mutane bai daina nuna asali ba. A Lakwaja kuwa, gari ne na baƙi: Nufawa, Oworo, Igala, Igbira, Kakanda, Bassa, Yarbawa, Hausawa, kowa da inda ya fito. Mutumin da ya zo a matsayin bawa ko bara, ranar da ubangidansa ya rasu yana da zaɓi biyu. Ya koma Kano, inda sabon gida ke mulki, inda kuma za a ci gaba da kiransa bawan gidan wane. Ko ya zauna inda ake kallonsa a matsayin mutumin Sarkin Kano, ya kama fawa ko ɗinki ko dukanci ko fataucin goro, ko ya buɗe makarantar allo. Ba wuya a gane dalilin da zai sa mutum ya zaɓi zama.

Ta haka ɗaurin talala ya rikiɗe ya zama zaman gari. Zuri'ar waɗannan sarakuna da ta mabiyansu tana nan a Lakwaja, a unguwanni irin su Kabawa da Unguwar Kura, a garin da sarautarsa ma da Hausa ake kiranta, wato Maigarin Lakwaja.

Yadda Ostireliya ta yi da nata

Akwai ƙasar da kacokan a kan irin wannan tarihi aka gina ta, kuma yana da kyau a ga yadda ta yi da shi. A watan Janairun 1788 jiragen ruwa 11 suka isa gaɓar Ostireliya daga Ingila, ɗauke da fursunoni sama da 700. Daga wannan shekara zuwa 1868 Ingila ta kwashe fursunoni kimanin 162,000 zuwa can. Mafi yawansu ƙananan ɓarayi ne, wanda ya saci tufafi ko agogo ko tunkiya, a yanke masa shekara bakwai ko 14 ko rai da rai. Wanda ya nuna halin kirki a ba shi takardar sassauci ya yi aikin kansa, wanda ya gama wa'adi kuma sau da yawa a yanka masa gona. James Ruse, wanda aka kai saboda fasa gida, shi ne tsohon fursuna na farko da aka mallaka wa ƙasa, eka 30 a Parramatta.

Har da baƙar fata a cikinsu. John Randall da John Martin a jiragen farko suka zo a matsayin fursunoni. A 1792 aka ba su gonaki kusa da juna a wajen Parramatta, daga baya Martin ya auri 'yar Randall, kuma zuri'arsu ta bazu a ƙasar, da yawa ba su ma san kakansu baƙi ne ba sai da masu bincike suka tono. Masaniyar tarihi Cassandra Pybus ta ba da labarinsu a littafinta Black Founders na 2006. Kada a manta kuma, gonakin da ake yankawa tsofaffin fursunonin nan ƙasar mutanen asali ce da aka ƙwace da bindiga. A nan labarinsu ya sha bamban da na Lakwaja: fursunan Ingila ya zama hannun da mulkin mallaka ya ci ƙasa da shi, su Alu kuwa su aka ci.

Shekaru da yawa 'yan Ostireliya suna ɓoye wannan asali, abin kunya ne a ce kakanka da sarƙa ya zo. Yanzu abin ya juye, ana alfahari da shi, kuma ana kiyasin kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar jinin fursuna ne. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne takarda. Gwamnati ta rubuta sunan kowane fursuna, da laifinsa, da kotun da ta yanke masa hukunci, da jirgin da ya hau, da tsawonsa, da launin idonsa, har da tabon da ke jikinsa. Hukumar UNESCO ta sanya waɗannan takardu cikin kundin tarihin duniya a 2007, a 2010 kuma ta sanya wurare 11 na zaman fursunonin cikin wuraren tarihi na duniya. Yau mutum yana zaune a ɗakinsa zai buga sunan kakansa a intanet ya ga ranar da ya sauka daga jirgi. Ɓarawon tunkiya a Ingila ya fi baran Sarkin Kano samun gata a wajen magatakarda.

Takardar asali da rabon gado

Wani zai ce, to mene ne abin tono bayan shekara fiye da 120? Amsar farko tana sakatariyar ƙaramar hukuma. A Najeriya ɗaukar aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda, da gurbin karatu, da tallafin karatu, duk sai an nemi takardar shaidar asali. Sashe na 318 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗaure zama ɗan jiha da cewa mahaifi ko mahaifiya ko ɗaya daga cikin kakanni ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Lakwaja ta taɓa zama a Lardin Kabba, ta shiga Jihar Kwara a 1967, ta zama babban birnin Kogi a 1991, kuma gardamar su wane ne masu gari ba ta taɓa kwantawa ba. Matashin da kakan kakansa ya zo da Alu, in aka ce masa baƙo a inda aka haifi kakansa, ina zai nufa? In ya zo Kano, dagaci da mai unguwa za su tambaye shi gidansu, shi kuma abin da ya gada bai wuce sunan Kano ba. Mutumin da Bature ya kai kakansa da ƙarfi bai kamata a ce shi ne zai biya kuɗin wannan tafiya ba.

Ta ɓangaren masu gida ma akwai magana. A Rano da Kibiya da Bunkure gona ta yi daraja, musamman inda ruwan Tiga ke kaiwa ana noman rani. Gonar gado da ba a raba ba tun zamanin kakanni takan zo gaban alƙali, kuma abin da alƙali zai fara nema shi ne a jera masa magada. Reshen da ya ɓace ba ya ɓacewa a shari'a don kawai an manta da shi.

Ita kanta al'adar korar sarki ba ta bi Turawa ta tafi ba. Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya bar gadon Kano a 1963 ya koma Azare. An cire Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996 aka kai shi Jihar Taraba, an cire Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo a 2005 aka kai shi Jihar Nasarawa. Ranar 9 ga Maris 2020 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta cire Muhammadu Sanusi na Biyu, aka kai shi Loko sannan Awe. Wannan karon kotu ta shiga, cikin kwana huɗu ya fito, kuma a watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki. Mutanen Rano sun ga amfanin wannan da idonsu. A watan Mayun 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun da aka ƙirƙira a 2019, Sarkin Rano Kabiru Muhammad Inuwa ya bar fada, amma ba wanda ya sa shi a mota ya kai shi wata jiha. Daga baya aka dawo da masarautar a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya.

Inda za a fara nema

Mai son bin sawun kakansa ba zai rasa madafa ba, sai dai aikin na haƙuri ne. A Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Kano da na Lakwaja da na ofishin Sakataren Arewa, ciki har da rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta lokacin ƙidayar haraji, inda sukan kawo tarihin gari da jerin dagatai da unguwanni. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, akwai Gidan Makama. A littattafai, Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji yana nan da Hausa. Littafin Adamu Fika na 1978 a kan Basasa da mulkin Turawa ya bi masu sarauta dalla-dalla. D.J.M. Muffett, wani tsohon jami'in mulkin mallaka, ya zauna da tsofaffin da suka ga abin da idonsu, ya fitar da Concerning Brave Captains a 1964.

Amma duk waɗannan masu rawani suka fi bi. Talaka sunansa a bakin tsofaffi yake, musamman mata, su da ke riƙe da wa ya auri wa, wa aka yaye a gidan wa, wace goggo aka kai aure nesa ba ta dawo ba. Misalin da ya nuna haka shi ne Baba ta Karo, wata tsohuwa da ta zauna da Baturiya Mary Smith a tsakanin 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta: harin mahara, zaman rinji, fansar 'yan'uwan da aka kama, zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da an yi jinkirin shekara biyu, da babu shi.

Lissafin shekaru ba ya jira. Yaron da aka haifa a gidan Alu a shekarar da ya rasu, yau yana bakin shekara 100. Waɗanda suka ji labari daga bakin masu tafiyar kai tsaye su ne 'yan shekara 80 zuwa sama, a Lakwaja da nan gida. Takardun da ke gidaje, wasiƙun ajami da bayan Alƙur'ani inda akan rubuta haihuwa da rasuwa, su ma suna da abokan gaba: gara a Kano, ruwa a Lakwaja, garin da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka shanye unguwanninsa na bakin kogi.

Wayar hannu da ke aljihun kowane matashi a Rurum ko Tarai ko Saya-Saya tana ɗaukar murya. Masu wannan aiki sukan fara da laƙabi, domin baƙo a garin wani da sunan garinsu ake kiransa, Na-Rano ko Ɗan Kibiya ko Bakano, kuma laƙabin yakan bi 'ya'ya. Sai zanen fuska, sai sana'ar gidan, sai sunan ubangidan da kakan ya bi, tunda bara a ƙarƙashin hakimi ko bawan sarki yake fita yaƙi, kuma shi ubangidan yana iya kasancewa a takarda. In an samu wannan suna, fayil ɗin Kaduna zai iya nuna ko ya komo da Wambai Abbas ta Ƙofar Kansakali, ko ya kwanta a Kwatarkwashi, ko yana cikin 'yan tsirarun da aka bari su bi sarki zuwa Yola.